Harafin H: me tsohuwar takardar kuɗinmu ta ɗauka a yau?

Malamai 'yan'uwana da iyayen yara, ku ciro takardar jika ɗaya daga aljihu, mai hoton raƙuma a baya, ku duba jerin lambobin da ke jikinta. Kusa da lambobin za ku ga harafi guda yana tsaye shi kaɗai. In H ne, an buga takardar ce don Nijar. In A ne ta Kodebuwa ce, B ta Benin, C ta Burkina Faso, D ta Mali, K ta Senegal, T ta Togo, S kuma ta Gine Bisau. Lambobi biyu na farko kuwa shekarar bugu suke nunawa: 03 na nufin 2003, 19 na nufin 2019. Mai shago a kasuwar Filinge bai damu da wannan ba, jika dai jika ce ko daga ina ta fito. Amma akwai wasu mutane a duniya da wannan harafi ne abin da suke fara dubawa, su ne masu tara tsofaffin kuɗi, kuma a wurinsu harafin kan iya raba takardar da ba ta kai kuɗin shayi ba da wadda za a yi gwanjonta.

Dalilin wannan rubutu shi ne maganar da ta yi yawa a wayoyinmu, cewa duk wanda ya tono tsohuwar takardar kuɗi a adakar kakarsa ya yi arziki. Yara suna kawo maganar cikin aji, manya suna tambaya a majalisa. Akwai gaskiya kaɗan a ciki, akwai ƙarya mai yawa, kuma ba a raba su sai an san tarihin takardar.

Abu na farko da ke ba ɗalibai mamaki shi ne, Nijar ba ta taɓa buga takardar kuɗi tata ta kanta ba. Nijeriya ta fara tata a 1959, Gine ta fita daga sefa a 1960, Mali ta yi faran nata daga 1962 har ta dawo a 1984, Muritaniya ta tafi a 1973 ba ta waiwayo ba. Mu kuwa tun 3 ga Agusta 1960 har yau kuɗin tarayya muke kashewa. An dai yi 'yan tsabar zinariya da azurfa masu hoton Diori Hamani a shekarun 1960, amma na tunawa ne, ba su shiga kasuwa ba. Ke nan duk abin da ke nuna ƙasarmu a jikin takardar kuɗi shi ne wannan H ɗin, wanda aka fara sawa a farkon shekarun 1960.

Kafin takarda, bakinmu ma ya riƙe tarihin abin da aka kashe. Kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa guda, wato mai hoton sarauniya Mariya Teresa, wadda aka daɗe ana sake bugawa da shekarar 1780 a jikinta. Da Faransawa suka zo da tsabarsu ta azurfa ta faran biyar, mai kusan girma ɗaya da waccan, sai sunan dala ya koma kanta. Shi ya sa har gobe Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani a ƙasar nan ba sa ƙirga sefa da ɗaya-ɗaya sai da biyar-biyar, kuma duk malamin da ya koyar da lissafi a ajin CE1 ya san wahalar fahimtar da yaro cewa ashirin ɗin da uwarsa ta aike shi da ita, a allo 100 ake rubutawa. Tamma ita ce faran guda, jika kuwa jaka ce ta gaske, dala ɗari biyu ne cikonta.

Takarda ta shigo ne ta hanyar lanho. Bankin da ake kira Banque de l'Afrique Occidentale, wanda aka kafa a 1901 ya gaji Bankin Senegal, shi ke buga takardun yankin Afirka ta Yamma na Faransa. Kusan a lokaci guda sojan Faransa suka kafa sansani a Filinge, suka ɗora Gado Namalaya a kan ƙasar Kurfai, aka fara karɓar haraji. Mutumin da bai taɓa buƙatar faran ba sai ga shi dole ya sayar da ɗan akuya ko damin hatsi don ya samo shi. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi wuya, aka cika gari da takarda, mutane kuwa ba su yarda da ita ba: gara na cin ta, ruwa na ɓata ta, wuta na cinye ta, ba a kuma iya narka ta a yi wa mace awarwaro. A kasuwanni da yawa sai an yi ragi kafin a karɓe ta. Wannan ƙyamar ita ce dalili na farko da ya sa takardun wancan zamani suka yi ƙaranci a gidajenmu. Wanda ya samu, gaggawar rabuwa da ita yake yi, ya kai wa mai karɓar lanho ko ya mayar da ita dabba.

Takardun farko na wannan banki suna ɗauke da sunan garin da aka fitar da su: Saint-Louis, Dakar, Rufisque, Konakiri, Grand-Bassam, Porto-Novo. Duka garuruwan bakin teku ne, babu Damagaram, babu Yamai. A 1917, da ƙananan kuɗi suka ɓace, an buga 'yan takardun rabin tamma da tamma ɗaya da tamma biyu da sunan Senegal da Gine da Kodebuwa da Dahomey, nan ma babu mu, domin a lokacin ƙasarmu yankin soja ce, sai a 1922 aka mayar da ita cikakkiyar ƙasar mallaka. A yaƙin duniya na biyu kuwa, da hanyar Faransa ta toshe, har birnin Filadelfiya na Amurka aka je aka bugo wasu masu shekarar 1942. Irin waɗannan su ne masu tara kuɗi ke nema, musamman masu sunan gari.

Wannan son takarda mai sunan gari ba a kanmu ya fara ba. A Amurka, daga 1863 zuwa 1935, gwamnati ta ba bankuna masu lasisin ƙasa izinin fitar da takardun kuɗi da sunansu da sunan garinsu, muddin sun ajiye takardun bashin gwamnati a matsayin jingina. Bankuna sama da 12,000 suka yi haka. Yau takardar babban bankin New York ba ta da tsada sosai, saboda an buga da yawa kuma da yawa sun tsira. Ta wani ɗan ƙauye da bankinsa ya mutu bayan 'yan shekaru, wadda ƙila biyu ko uku suka rage a duniya, ita ce ake rububi a kai, ko da an buga su shekara guda kuma adadin da ke rubuce a jikinsu ɗaya ne. A Janairun 2014 an sayar da wata takardar baitulmalin Amurka ta dala 1,000 ta shekarar 1890, wadda suke wa laƙabi da babbar kankana saboda siffar sifilinta, a kan dalar Amurka miliyan 3 da dubu 290. Irin wannan labarin ne ake yaɗawa a WhatsApp, sai dai ba a ƙara da cewa waɗanda suka rage irinta ba su kai goma ba.

Ke nan tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Ƙaranci ne ke sawa, sai lafiyar takarda, sai kuma a samu masu so. Takardar Biyafara ta 1968 da 1969 ta haura shekara hamsin, tarihinta kuma mai nauyi ne, amma an bar ta da yawa bayan yaƙi, don haka arha take. Takardar Zimbabwe ta tiriliyan ɗari, wadda ta fito a 2009 lokacin da ko kuɗin mota da ƙyar take biya, yau ana sayen ta fiye da yadda ta taɓa ɗauka a kasuwar Harare, don kawai mutane na son su nuna wa abokai yawan sifilinta. A cikin sefa ma haka abin yake. Masu harafin E, wato na Muritaniya kafin ta fita, sun fi na A wuyar samu nesa ba kusa ba, saboda Kodebuwa ce ake buga wa mafi yawa. Namu na H suna tsakani, kuma kundin da masu wannan harka ke dogara da shi, wanda Bajamushe Albert Pick ya fara, ya ware musu lambobinsu daban.

Akwai kuma sa hannu. Kowace takardar BCEAO hannu biyu ke kanta, na gwamnan banki da na shugaban majalisar ministocin tarayyar. Kujerar ta biyu juyawa take tsakanin ministocin kuɗi na ƙasashen, don haka wasu hannayen ba su daɗe tare ba, takardunsu kuma ba su da yawa. Gwamna ɗan Afirka na farko shi ne Abdoulaye Fadiga, wanda a zamaninsa aka ɗauke hedkwatar bankin daga Paris zuwa Dakar a 1978. Bayan rasuwarsa a 1988 Alassane Ouattara ya hau har 1990, sai Charles Konan Banny. Wanda ke da takardar ƙarshen shekarun 1980 yana iya samun sa hannun mutumin da daga baya ya zama shugaban Kodebuwa a kanta.

Inda muke faɗuwa shi ne lafiyar takarda. Kamfanonin da ke tantance ta suna ba ta maki daga 1 zuwa 70. Wadda ba a taɓa naɗe ta ba, ba ƙura, ba tabo, kusurwowinta huɗu a tsaye, ita ke sama. Naɗi guda a tsakiya ya isa ya saukar da ita. To ku tuna yadda kuɗi ke rayuwa a hannunmu: a haɓar zane, a lalita, a cikin hula, a hannun mai nama da mai manja, a naɗe tara cikin ta goma. Bankunan da suka gaji al'adar Faransa ma kansu sun daɗe suna soke takardu goma-goma da allura, kuma kowace huda ragi ce a wurin mai saye. Takardar da ta yi shekara talatin a gwangwani a ɗakin laka, ta sha zafin bazara da laimar damina, ko da gara ta ƙyale ta, da wuya ta wuce matakin ƙasa. Masu kyan da ake gani a intanet yawancinsu ba su taɓa zuwa ƙauye ba. Dillalai ne suka saye su sababbi fil daga banki, suka adana a Paris ko Landan. Mu muka kashe kuɗin, su suka ajiye shi, kuma ribar ajiyar tasu ce.

Abin da aka fi samu a gidajen Abala da Sanam da Filinge shi ne jerin da ake kira na 1992: dala ɗari, jika, jika biyu da rabi, jika biyar da jika goma. Yadda suka kwana a adaka ba labarin dukiya ba ne, labarin asara ne. A ranar 27 ga Agusta 2002 aka yi fashi a reshen BCEAO na Abijan, aka kwashe kusan biliyan biyu. Wata guda bai cika ba yaƙi ya ɓarke a Kodebuwa, a Satumban 2003 aka fasa reshen Bouaké, daga baya na Man da na Korhogo. Bankin ya fitar da sabon jeri a 2003, wanda muke kashewa yanzu, sannan ya ba da wa'adi daga 15 ga Satumba zuwa 31 ga Disamba 2004 a kawo tsofaffin a musanya, aka ɗan ƙara lokaci a farkon 2005. Bankin ya ce ya karɓo sama da kashi 99 cikin ɗari. A ofis wannan nasara ce. Amma ragowar da bai kai kashi ɗaya ba, a hannun wa yake? Rassan bankin a lokacin suna Yamai da Maraɗi da Damagaram, Abala kuwa ta fi kilomita 200 daga Yamai. Makiyayin da ke daji da garkensa wajen iyakar Mali, da tsohuwar da ta binne kuɗin likkafaninta ba ta gaya wa kowa ba, su ne labari bai kai wa ba, ko ya kai musu suka ɗauka dabarar gwamnati ce ta ƙirga abin da suke da shi. Shekarar kuma ita ce ta fara da ƙarancin ruwa, wadda ta haifi yunwar 2005.

Na taɓa zama wurin rabon gadon wata dattijuwa a unguwarmu, aka buɗe akwatinta aka sami ƙullin tsumma, ciki takardun jika biyar-biyar na wancan jerin, a naɗe tsaf. A lokacin da ta ƙulle su sun isa sayen tumaki. Ranar da aka kwance su ko ƙwayar ashana ba za su saya ba. Wani jikanta ya ce ai ya ji Turawa na saye da tsada. Na gaya masa gaskiya: naɗaɗɗu ne, sun yi tabo, kuma irinsu sababbi suna nan a hannun dillalai, in an yi sa'a a sami ɗan abin da bai kai adadin da ke rubuce a jikinsu ba. Wadda na ce su ware ita ce ta jika biyu da rabi guda ɗaya da ke ciki, domin wannan ba ta daɗe ana buga ta ba, mutane ba su so ta ba, kuma ba a sake yin irinta ba.

Ba sefa kaɗai ke cikin akwatunanmu ba, domin Bakurfaye ɗan cin rani ne tun kaka da kakanni. Wanda ya je Kumasi da Akara ya dawo da sidi mai hoton Nkrumah na 1965, wanda aka sauya a 1967 bayan juyin mulki. Wasu sun dawo da shi ne a guje, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi a 1969. Wanda ya yi Sakkwato da Legas yana da fam da sule na kafin 1973, ko naira ashirin mai hoton Murtala ta 1977. A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta sauya launin naira, ta rufe iyaka, ta ba da ƙasa da mako biyu a musanya, 'yan kasuwarmu da ke riƙe da naira a wannan gefen suka wayi gari da takardun banza, a shekarar farin da mutanenmu suka sa wa yunwarta suna El Buhari. An maimaita kusan irin haka a ƙarshen 2022 da farkon 2023. Kowace takarda cikin waɗannan shaida ce ta wata tafiya da wani na gida ya yi, da kuma wani wa'adi da ya wuce shi.

Shi ya sa nake ganin mafi girman amfanin waɗannan takardu a wurinmu yana cikin aji. Littattafan tarihi sun yi ƙaranci a makarantunmu, wasu makarantun ma rashin tsaro ya rufe su, yaransu suna cunkushe a na cikin gari. Takarda guda ta 1992 ta ishi darasin mako. A sa yaro ya nemo harafin, ya gano ƙasar a taswira. A sa shi ya karanta shekarar. A gaya masa cewa ranar 26 ga Disamba 1945 aka ƙirƙiro sefa, cewa a Janairun 1994 aka karya darajarta da rabi a wani taro a Dakar, faran ɗin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, sannan a tura shi gida ya tambayi mahaifinsa nawa buhun shinkafa ya koma a wannan watan. A ba ɗan CM2 lissafin yuro ɗaya a kan sefa 655.957. A nuna masa alamar bankin, wannan abu mai kama da kifi mai zarto, a gaya masa ma'aunin garin zinariya ne na mutanen Akan. A tambaye shi don me har yau ake buga kuɗinmu a Faransa, a bar shi ya yi gardama da abokansa. Wanda ya riƙe abu a hannunsa ya shinshina shi ba ya mantawa kamar wanda aka karanta wa.

Ga iyaye kuwa, in kun sami irin wannan a gida, kada a wanke, kada a goge da dutsen guga, kada a liƙa salatif a inda ya yage, kada kuma a kai wa mai hoto ya rufe ta da roba mai zafi, wannan kashe ta ne gaba ɗaya a wurin mai saye. A shimfiɗa ta tsakanin farar takarda biyu, a sa cikin littafi mai kauri, a ɗaga sama inda laima da gara ba sa kaiwa. A rubuta a wata takarda daban wanda ya mallake ta da inda ya samo ta, tun masu sanin labarin suna da rai. In baƙo ya zo ya ce akwai mai saye a Dubai amma sai an biya kuɗin rajista ko na gwaji, ɗan damfara ne, ɗan'uwan masu neman tsohon keken ɗinki da dutsen guga mai zakara ne. Mai saye na gaskiya shi ke biya, ba shi ake biya ba. Game da halaccin cinikin, malamai da yawa sun bambanta kuɗin da aka daina kashewa, wanda ya zama haja kamar kowace haja, da wanda har yanzu ake kashewa, wanda ba a musanya shi da irinsa sai daidai da daidai, hannu da hannu. Wanda abin ya shafa ya zauna da malaminsa.

Maganar ba ta tsaya ga abin da ya wuce ba. Tun Disamban 2019 aka yi shelar cewa za a mayar da sefa eko, ba a yi ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO a Janairun 2025, suna nan dai cikin tarayyar kuɗi, amma shugabanninsu sun yi maganar kuɗinsu na kansu a fili. Ko wanne aka yi, ranar da aka yi shi za a sa wa'adin musanya, kuma takardar da ke aljihunka yau za ta shiga layin na 1992. A 2004 hanyar Filinge zuwa Abala lafiya lau take amma duk da haka an bar mutane a baya. Yanzu ga hanya ba tabbas, ga 'yan gudun hijirar Mali da ke zaune a nan tun 2012, ga mutanen ƙauyukan da suka watse, kowa da ɗan abin da ya ƙulle a tsumma domin ba shi da asusun banki. Sanarwar rediyo da Faransanci ba za ta kai musu ba. Ɗan makaranta ne zai kai ta gida, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, in malaminsa ya riga ya koya masa cewa takardar kuɗi tana da ranar haihuwa a jikinta, hukuma kuma tana iya sa mata ranar mutuwa. Dillalan Paris kuwa tun yanzu suna da daurin H sababbi a ajiye, daga 03 har zuwa na bana.